Tansiyo da faɗuwa: yadda za a kare zuciyar tsoho ba tare da jiri ya kai shi ƙasa ba

Ranar 17 ga watan Mayu ce ranar yaƙi da hawan jini ta duniya, kuma a Nijar takan faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Tawa, Maraɗi, Damagaram da Yamai. A irin wannan rana akan kafa rumfunan awon tansiyo kyauta, likitoci su shiga gidajen rediyo suna jan hankali a rage gishiri, a riƙa shan magani kullum ba fashi. Duk wannan daidai ne. Sai dai akwai wata magana da ba a cika kawowa a waɗannan tarurruka ba, alhali gidaje da yawa masu tsofaffi sun san ta: dattijo ne aka ɗora shi a kan maganin tansiyo, bayan kwana goma ya miƙe daga tabarma da asuba zai je alwala, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi a bakin ƙofa. In abin ya zo da sauƙi, targaɗe ne ko ƙujewa. In ya zo da tsanani, ƙashin kwatangwalo ne ya karye, kuma daga wannan kwanciya da yawa ba sa sake tashi.

Abin da iyali ke yi bayan haka sananne ne. A ɓoye maganin a ce ya fi ƙarfinsa, a koma ga jiƙe-jiƙe ko a bar shi haka nan. Bayan wata shida ko shekara sai a ji ɓarin jikinsa ya shanye, abin da ma'aikatan asibiti ke kira AVC. An guje wa gara an faɗa gidan zago ke nan.

Matsalolin biyu duk manya ne. A lissafin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya, kusan mutuwa ɗaya cikin uku, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke aukuwa. Masu hawan jini sun haura miliyar ɗaya da miliyan 200, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Ita kuwa faɗuwa tana kashe mutum kusan dubu 684 a shekara. Cikin haɗurran da ba da gangan ba, haɗarin hanya ne kawai ya fi ta kisa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Ko a ƙasashen da ake yi wa tsoho aikin ƙashin kwatangwalo cikin kwana ɗaya ko biyu, mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan rasu kafin shekara ta zagayo. Balle a ƙauyen da za a fara kai shi wajen maɗori, ya yi watanni kwance, gyambon kwanciya da ciwon huhu su same shi.

Nijar ƙasar yara ce. Kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Shi ya sa tsarin kiwon lafiyarmu ya ginu a kan rigakafi, zazzaɓin cizon sauro, tamowa da haihuwa, kuma magani kyauta da aka fara tun 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki. Babu mai jayayya da wannan zaɓi. Amma kashi biyu da ɗoriya cikin 100 na mutum fiye da miliyan 25 ya kai dubban ɗaruruwan dattawa, kuma su ne masu riƙon jikoki idan samari sun tafi cin rani, su ne masu sasanta rikicin gona da na aure. Karayar tsohuwa ɗaya takan cire yarinya daga makaranta don jinya.

Me ya sa maganin ke sa jiri

Idan mutum ya miƙe tsaye, jini mai yawa kan sauka zuwa ƙafafu da ciki. A jikin matashi, nan take jijiyoyi ke tsukewa, zuciya ta ƙara bugu, jini ya isa ƙwaƙwalwa ba tare da ya ji komai ba. A jikin tsoho wannan gyara yana jinkiri, domin jijiyoyin sun taurara, musamman idan yana da ciwon sukari. Idan awon sama ya sauka da maki 20, ko na ƙasa da maki 10, cikin minti uku da miƙewa, likitoci na ɗaukar hakan a matsayin matsala. A nan sai a lura da yadda muke faɗin awon: abin da majo ke cewa 14/9 shi ne 140/90 a rubutun littattafai, don haka saukar maki 20 tana nufin daga 14 zuwa 12.

Maganin tansiyo na iya ƙara wannan sauka, musamman a farkon shansa. Wani bincike da aka wallafa a 2012 a kan tsofaffin lardin Ontariyo na Kanada ya gano cewa haɗarin karayar kwatangwalo ya ƙaru da kashi 43 cikin 100 a kwanaki 45 na farko bayan fara magani. Wannan adadi ne mai amfani ƙwarai, domin ya nuna inda haɗarin yake: makonni shida na farko, da kuma duk lokacin da aka ƙara ƙarfin magani ko aka sauya shi. A daidai wannan lokaci ne kuma majinyacinmu ke ɓacewa. An rubuta masa takarda, ya sayi magani, ba zai koma ba sai ya ƙare, in ma ya koma.

To ko gara a bar tsoho da hawan jininsa? Binciken da aka yi bai goyi bayan haka ba. A 2008 gwajin HYVET, wanda aka yi a kan mutum 3.845 masu shekara 80 zuwa sama, ya nuna shan magani ya rage mutuwa da kashi 21 cikin 100, ya kuma rage gazawar zuciya da fiye da rabi. A 2015 aka dakatar da gwajin SPRINT na Amurka kafin wa'adinsa, saboda sakamakon ya fito fili: cikin mutum 9.361, waɗanda aka saukar da awonsu zuwa wajen 12 sun fi waɗanda aka tsaya a 14 tsira, an samu ragin kashi 25 cikin 100 na manyan cututtukan zuciya da kashi 27 na mutuwa. Amfanin ya tabbata har ga masu shekara 75 zuwa sama. Suma da saukar jini fiye da kima sun ɗan ƙaru, amma faɗuwa mai jin rauni ba ta ƙaru ba. Gwajin STEP na ƙasar Sin a 2021, a kan masu shekara 60 zuwa 80, shi ma ya nuna amfanin saukar da awon sosai.

Sai dai mai karatu ya dubi su wa aka yi gwajin a kansu. SPRINT bai ɗauki masu ciwon sukari ba, bai ɗauki wanda ya taɓa shanyewar jiki ba, bai ɗauki mazauna gidajen kula da gajiyayyu ba, kuma duk wanda awonsa a tsaye ya yi ƙasa da 11 an cire shi tun farko. Waɗanda aka ɗauka ana ganinsu duk wata a watanni uku na farko, magani kuma kyauta ne. Tsohuwar da ke wani ƙauye na Mayahi ko Tanut, wadda sai ta hau amalanke kafin ta kai CSI, tana cin abinci sau biyu, tana kwana a ɗakin da bai huce ba har asuba, ba ita aka gwada ba. A ganina darasin da ya dace da mu shi ne a yi maganin, amma a fara da kaɗan, a hau a hankali, kuma kada a ɗauko awon 12 a ɗora wa kowa. Ita kanta OMS, a ƙa'idojinta na 2021, ƙasa da 14/9 ta sa wa yawancin mutane, ƙasa da 13 kuma ga wanda ya riga ya kamu da ciwon zuciya ko yake cikin babban haɗari.

Zaɓin maganin ma yana da tasiri. A 2019 aka wallafa gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida a kan mutum 728. Ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da awon baƙar fata a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Magani ne mai araha da ake sha sau ɗaya a rana, illarsa da aka fi sani kumburin ƙafa. Amma har yanzu ana cin karo da tsofaffi masu shan Lasilix don tansiyo kawai, alhali magani ne mai zubar da ruwan jiki da ƙarfi wanda aka fi bai wa masu gazawar zuciya ko ƙoda, ko masu shan Aldomet mai sa kasala da gyangyaɗi. Ga kuma tsohuwar al'adar fasa ƙwayar nifedipine a ƙarƙashin harshe don awon ya sauka nan take, wadda aka daɗe da hanawa saboda saukar gaggawa kan jawo abin da ake gudu. Sauya magani aikin likita ne, amma iyali na da haƙƙin tambaya.

Zafi, azumi da tiren mai talla

Abin da littattafan Turai ba su cika lissafawa ba shi ne zafinmu. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai 48,5 a garin Kayes na Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu kacal, alhali a dukan watan Afrilun 2023 mutum 130 ne. Da yawansu tsofaffi ne. Wannan zafi ya ratsa har Nijar da Burkina Faso, ya haɗu da ƙarshen azumi da yawan yankewar wutar lantarki. A cikin zafi jijiyoyin fata na buɗewa, gumi na zubar da ruwa da gishiri, shi kuwa tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda yaro ke ji. Ƙwayar da ta yi masa daidai a watan Janairu tana iya yi masa yawa a watan Afrilu. Kamata ya yi shigowar bazara da gabatowar azumi su zama lokacin da kowane mai shan maganin tansiyo zai koma a sake auna shi, a duba lokacin shan maganin. Malamai sun sha bayani cewa addini ya yi wa tsoho mai rauni rangwame a azumi, ya kuma halatta masa salla a zaune idan tsayuwa na cutar da shi. Matsalar ita ce da yawa na jin kunyar karɓar rangwamen a gaban tsaransu.

Sai maganin da ba likita ya rubuta ba. Tsoho mai ciwon gwiwa da baya shi ne babban abokin cinikin mai tallar magani a tire ko a bayan keke. Diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna ɗaga tansiyo, suna rage ƙarfin maganinta, suna lalata ƙoda. Diazepam da sauran magungunan barci, da tramadol, suna sa layi da gyangyaɗi, kuma suna cikin magungunan da aka fi dangantawa da faɗuwar tsofaffi. Maganin fitsarin tsofaffin maza, irin su tamsulosine, shi ma yana saukar da jini a tsaye. Akwai kuma masu shan aspirin kullum wai don ya tsinka jini, ba tare da sun taɓa ciwon zuciya ba. Gwajin ASPREE na 2018, a kan tsofaffi masu lafiya fiye da dubu 19 a Ostareliya da Amurka, bai ga amfanin hakan ba, sai ƙarin zubar jini. Wanda ke kan aspirin ya faɗi ya bugi kai, jini na iya taruwa a ƙwaƙwalwa a hankali, sai bayan kwanaki ko makonni ya fara ruɗewa a ce tsufa ne ko aljanu. Wanda likita ya rubuta wa aspirin bayan bugun zuciya ko shanyewar jiki, nasa daban ne, kada ya daina. Abu mafi sauƙi da ɗa ko jika zai yi shi ne ya zuba dukan abin da tsohon ke sha a leda ɗaya, har da ƙulle-ƙullen gargajiya, ya kai wa majo ya gani.

Wata faɗuwar ma zuciyar ce da kanta ke magana. Tsohon da ya faɗi bai yi tuntuɓe ba, bai tuna yadda aka yi ba, ko ya ji bugun ƙirji kafin nan, wataƙila bugun zuciyarsa ne ya rikice ko ya yi jinkiri. Irin wannan yana buƙatar awon zuciya na ECG, ko da bai ji ciwo ko kaɗan ba.

Batun gishiri an sha faɗa: OMS ta ce kada a wuce gram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Abin da ba a cika ƙirgawa ba shi ne dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da kanwar da ake jefawa a wake da miya da kunu. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta kunun kanwa da wankan jego da yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego. Rage waɗannan yana saukar da tansiyo a hankali, ba ya kawo jirin da ƙarin ƙwaya ke kawowa.

Motsa jiki, da girmamawar da ke kashe ƙafa

Abu ɗaya da ke yi wa matsalolin biyu aiki a tare shi ne motsa jiki. OMS ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kuma ga masu shekara 65 zuwa sama ta ƙara da atisayen ƙarfin ƙafa da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Wannan ƙari ba ado ba ne. Tafiya tana gyara zuciya, amma bincike bai tabbatar ita kaɗai na hana faɗuwa ba. Nazarin Cochrane na 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje 108, ya nuna atisaye na rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin 100, kuma amfanin na daidaita tsayuwa ne ya fi tabbata. Shirin Otago na ƙasar Niyu Zilan, wanda ake koya wa tsofaffi a gidajensu, ya rage ta da wajen kashi 35. Abubuwan da ke cikinsa ba sa buƙatar na'ura: tashi daga kujera a koma sau da yawa ba tare da dafa hannu ba, ɗaga dunduniya ana dafe da bango, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tafiya dunduniya na taɓa yatsu. Ma'aikacin case de santé zai iya koyon su cikin wuni ɗaya.

A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Tsohon ƙauye da ke zuwa gona, yana zama a ƙasa yana tashi sau ashirin a rana, yana yin rabin wannan atisaye bai sani ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne ɗan fansho na birni da ya koma daga ofis zuwa gindin dalbejiya, masallacin da ke bayan gida ma sai a kan kabu-kabu. Sai kuma Hajiya, wadda da zarar ta ɗauki tsintsiya surukai da jikoki za su ruga: Inna ki zauna, mu za mu yi. Ladabi ne, kuma abin yabo ne, amma ƙafar da aka hana aiki wata shida ba za ta riƙe mai ita ba ranar da ta yi tuntuɓe. Bayan faɗuwa ta farko abin ya fi muni, domin tsoro kan sa tsohon ya daina fita, iyali su ƙara tsare shi, naman cinya ya zube, tansiyo ta hau, faɗuwa ta biyu ta zo da wuri.

Gidan kansa abin dubawa ne: dokin ƙofa mai tsayi, sumuntin ban ɗaki mai santsi, igiyar akuya a tsakar gida, silifa da ta sake, duhu idan wuta ta tafi. Tsuguno a masai da miƙewa daga gare shi da dare na daga wuraren da jiri ya fi kama mutum, kuma ƙarfe ko itace ɗaya da aka kafa a bango don dafawa na iya hana karaya. Yanar ido kuwa aiki ne na ɗan lokaci da ake yi a manyan asibitocinmu, amma tsofaffi kan zauna da ita shekaru.

Abin da ya rage ga hukuma

A watan Agustan 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje, kwanciya da aikin tiyata da rabi a asibitocin gwamnati, daga ranar 1 ga Satumba, ta kuma soke kuɗin sefa dubu 150 da masu wankin ƙoda ke biya a farko. Mataki ne da ya taɓa masu hawan jini kai tsaye, tunda tansiyo na daga manyan abubuwan da ke kai mutum ga wankin ƙoda. Amma nauyin mai tansiyo yana kan ƙwayar da zai saya a farmasi duk wata har ƙarshen rayuwa. Wanda ke sha mako biyu ya bari, in kuɗi sun samu ya koma, kullum yana sake shiga waɗannan kwanaki 45 masu haɗari, kuma a tsakani ba shi da kariya daga shanyewar jiki. Ƙarancin magunguna da aka gani bayan takunkumin CEDEAO na 2023 ya nuna yadda wannan igiya take da saurin tsinkewa. Samar da magungunan tansiyo biyu ko uku masu araha, waɗanda ba sa yankewa a CSI da kantunan ONPPC, zai yi aikin da sabuwar na'ura a asibitin Yamai ba za ta yi ba. Ba sai an je nesa neman misali ba: tun 2020 jihohin Kano da Ogun a Nijeriya ke gwada tsarin da ma'aikatan ƙananan asibitoci ke kula da hawan jini bisa takarda ɗaya mai matakai, ba sai an jira likitan zuciya ba.

Idan Nijar za ta faɗaɗa irin wannan tsari, akwai layi biyu da ya kamata a ƙara a takardar, kuma ba sa cin ko dala. Na farko, duk wanda ya haura shekara 60 a tambaye shi ko ya faɗi a cikin shekarar da ta wuce, tambayar da ƙa'idojin duniya kan faɗuwa na 2022 suka sa a gaba. Na biyu, a auna shi a kwance ko a zaune, sa'an nan a sake aunawa bayan ya miƙe da minti ɗaya da kuma minti uku. Wanda awonsa ya sauka da maki biyu, ko ya ce yana ganin duhu, a duba magungunansa da ruwan da yake sha, a ba shi ranar dawowa cikin mako biyu, a kuma gaya masa a gaban wanda ya rako shi cewa idan ya farka ya zauna a bakin shimfiɗa na minti ɗaya ko biyu, ya motsa ƙafafu, kafin ya miƙe ya nufi buta.